Siminti ba ya shan ruwa: A bar wa fulawar binka wuri a tsakar gida

A sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Katsina da Abuja, gida bai kammala a idon mai shi ba sai an shimfiɗa intalok tun daga bakin ƙofa har gindin katangar baya. Haka abin yake a makarantun kuɗi da asibitoci da gidajen mai da harabar masallatai. Wanda ya bar ƙasa a fili, sai a ɗauka kuɗi ne suka yanke masa.

Dalilin wannan ɗabi'a ba ɓoyayye ba ne. Babu mai son taɓo da damina, babu mai son ƙura da hunturu, kuma share daɓe ya fi share turɓaya sauƙi. Sai dai idan kowane gida ya rufe ƙasarsa ruf, unguwa gaba ɗaya ce ke biyan farashin, da ambaliyar lungu da zafin dare da rijiyoyin da ke ƙafewa tun kafin bazara ta tsaya. Akwai hanya ta uku tsakanin siminti da ƙasa tsirara, wato a rufe wani sashe na fili da tsiro mai rai wanda ba ya zubar da ganye. A yanayin Arewa, ɗaya daga cikin tsirran da suka fi dacewa da wannan aiki shi ne fulawar da masu lambun fulawa ke kira feriwinkil ko binka.

Ina ruwan yake tafiya?

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan sama na milimita 1 a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwan milimita 50 a rana guda, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, lita sama da 23,000 ke sauka a wannan fuloti kaɗai. Jarka 930 ke nan mai cin lita 25. Idan kurar ɗan ga-ruwa na ɗaukar jarka 12, an yi kura 77 da 'yan kai.

A gidan da rabinsa kwano ne, sauran rabin kuma daɓe, kusan duk wannan ruwa kan titi zai fita cikin mintoci. Wasu za su ce ai intalok yana da tsaga, ruwa na bi ta ciki. Da farko yana bi, amma ƙura kan toshe tsagogin, kuma masu aikin da yawa leda suke shimfiɗawa a ƙarƙashi don kada ciyawa ta fito. Da zarar an yi haka, babu bambanci tsakaninsa da siminti.

A da, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne ke karɓar rarar ruwan birni irin Kano. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. Lambatun da suka rage kuma shara ta cinye su. Ruwan da bai samu ƙasar da zai nutse ba, bai samu kududdufin da zai kwanta ba, ɗakin maƙwabcin da gidansa ke gangare zai nufa. Bayan wata shida kuma mai gidan da ya kori ruwan shi ne zai kira masu haƙa rijiyar burtsatse su ƙara zurfi, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa daga ruwan saman da ya nutse yake samuwa.

Babu mai cewa fulawar tsakar gida za ta tare ambaliyar kogi ko fashewar madatsar ruwa. Waɗannan matsaloli ne na daban. Maganar a nan ta ruwan da ke cika lunguna ce bayan ruwan sa'a guda, kuma wannan daga gidaje yake fitowa.

Sai batun zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano. Siminti yana shan rana tun safe, ya adana zafin, ya riƙa sakinsa da dare, daidai lokacin da babu wuta, mutane sun fito da tabarmi tsakar gida suna neman iska. Ganye ba haka yake ba. Yana yi wa ƙasa inuwa, kuma ruwan da yake fitarwa ta ƙananan ƙofofinsa yana sanyaya shi, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. Duk wanda ya taka daɓe da ƙafa ba takalmi da azahar, sannan ya taɓa ƙasar da ke ƙarƙashin ganye, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Me ya sa binka?

Ciyawar ado irin ta filin ƙwallo tana da kyau a ido, amma tana son ban-ruwa kusan kullum da rani, ga yanka a kai a kai. A garin da ake sayen ruwan sha a jarka, wannan almubazzaranci ne. Abin da ake buƙata shi ne tsiron da zai jure rana da ƙishirwa, ya riƙe ganyensa duk shekara, kuma ya yaɗu ya rufe ƙasa.

Binka, wadda masana tsirrai ke kira Catharanthus roseus, asalinta daga tsibirin Madagaska ne, daga can ta bazu zuwa ƙasashe masu zafi. Dangi ɗaya suke da tumfafiya da kariya, kuma ta gaji juriyarsu. Ganyenta kore ne shar mai sheƙi, da farin layi a tsakiya. Furenta mai kunnuwa biyar ne, wani fari, wani ruwan hoda, wani fari mai jan ido a tsakiya. Inda akwai ɗumi takan yi fure kusan duk shekara, kuma furen da ya tsufa da kansa yake faɗuwa. Tsayinta yakan tsaya tsakanin santimita 30 zuwa 60 idan ana kula da ita, kuma akwai nau'ikan da masu inganta iri suka samar waɗanda ke rarrafe a ƙasa maimakon miƙewa.

Ba baƙuwa ba ce ga kowa. Tana nan a gaban ofisoshi da makarantu, wani lokaci ma a tsagar gini inda babu wanda ya shuka ta. Matsalar dai ita ce ana ɗaukarta kayan ado na tukunya ɗaya ko biyu a bakin ƙofa, alhali aikinta ya fi haka idan aka dasa ta da yawa a jere.

Yadda ake shuka ta

Abu na farko shi ne wuri. Tana son rana ta aƙalla sa'a shida a yini. Takan rayu a inuwa mara kauri, amma furen zai ragu, rassan su yi tsawo su rame.

Na biyu shi ne ƙasa, kuma a nan mafi yawan masu shuka ke yin asara. Abin da ke kashe binka ba ƙishirwa ba ne, kwanciyar ruwa ce a gindinta. Ƙasar jigawa mai rairayi ta fi mata. Inda ƙasar laka ce, sai a ɗaga wurin kamar kunya da santimita 10 zuwa 15, a haɗa ƙasa kashi biyu da yashi kashi ɗaya da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, don haka sai wanda ya kwana biyu ya huce. A sabon gida kuma dole a kwashe ɓaraguzan bulo da ragowar siminti tukuna, domin suna canza ɗabi'ar ƙasa ta yadda tsiron ba zai iya jan sinadarin ƙarfe ba, sai a ga sabon ganye yana fitowa rawaya.

Ana samun ta ta hanya uku. Za a iya sayen dashe a leda wurin masu fulawa. Za a iya yanko kan reshe mai tsawon santimita 8 zuwa 10, a cire ganyen ƙasa, a soka shi cikin yashi mai danshi a inuwa, cikin mako uku zuwa huɗu zai yi saiwa. Za a kuma iya tara iri daga 'yan siraran kwanson da ke fitowa bibbiyu bayan fure, a ɗebe su idan sun fara bushewa kafin su fashe. Irin baƙi ne ƙanana, kuma ya fi tsirowa a duhu, saboda haka a rufe shi da ƙasa kaɗan, kada a bar shi a sarari. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yake fitowa idan da ɗumi.

Tazarar dashe santimita 25 zuwa 30 ce. A tazarar 30, murabba'in mita ɗaya na cin tsiro 11, wato fili mai mita 3 da mita 4 zai ci kusan 130. Wanda ba shi da kuɗin sayen wannan adadi zai iya farawa da goma, ya riƙa yankan rassa yana ƙarawa. Kada a binne gindin fiye da yadda yake a leda.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, domin saiwa ta kama kafin ruwan Agusta, ko kuma bayan ɗaukewar ruwa ga mai halin ban-ruwa. A mako biyu zuwa uku na farko tana son danshi a kai a kai. Bayan ta kama, sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar da rani, sai dai a ƙara kaɗan a tsakiyar bazara idan ƙasar rairayi ce sosai. Ma'aunin shi ne yatsa: idan aka soka shi aka ji danshi, a bari sai gobe. A zuba ruwan da safe, a gindi, ba a kan ganye ba.

Idan tsiron ya kai kamar santimita 10, a tsinke kansa da farce. Wannan ne ke sa ya yi rassa ta gefe ya rufe ƙasa. Taki kaɗan ya ishe ta, yawansa ganye yake ƙarawa ya rage fure.

Babbar cutarta tana zuwa ne da damina, lokacin da ganye ke kwana a jiƙe. Za a ga reshe ya yi baƙi-baƙi ya yanƙwane farat ɗaya. Maganin shi ne a tuge wanda ya kamu a fitar da shi daga lambun, a rage cunkoso don iska ta ratsa, a gyara hanyar ruwa. Da hunturu kuma, musamman a wurare masu sanyi irin Jos, girmanta kan tsaya, ganye ya naɗe. Ba mutuwa ta yi ba, kuma ƙara mata ruwa a lokacin kuskure ne. Bayan shekara biyu ko uku takan yi itace ta ƙasa, ganye ya koma sama. Sai a rage mata tsawo da kusan rabi a farkon damina, ko a bar 'ya'yan da suka tsiro da kansu su maye gurbinta.

Ƙorafin da ke da tushe

Masu ƙin shuka a gida suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, ba a ganye ba, kuma ƙasar da ke shanye ruwa tana rage irin waɗannan wurare. Amma gaskiya ne babban sauro yana fakewa a duhuwar ganye da rana, haka kunama da maciji suna son wurin da aka bari ya cushe. Don haka a riƙa rage tsawon tsiron, kada a manna shi da taga ko ƙofar ɗaki. A bar tazarar aƙalla rabin mita tsakaninsa da bango, musamman ginin ƙasa, saboda danshi da gara.

Binka ba ta jure taku. Wurin ajiye mota da hanyar shiga ɗaki da madafa da wurin wanki duk suna buƙatar daɓe, babu gardama. Abin da ake cewa shi ne gefen katanga da kusurwoyi da gindin bishiya da bakin titi, wuraren da babu mai taka su, ba su da dalilin shan siminti.

Game da ruwa kuwa, kowane gida yana zubar da ruwan alwala da na ɗauraye kayan miya sau da dama a yini. Ruwa ne marar sabulu, kuma ya ishi ɗan fili. Masallatan da ruwan alwalarsu ke malala kan titi ya zama kwata za su iya karkata shi zuwa wani fili da aka ɗaga aka dasa, muddin ruwan zai ratsa ya wuce ba zai kwanta ba.

Magani ce a asibiti, guba ce a tukunya

Akwai gargaɗin da ya wajaba ya bi wannan fulawa duk inda aka kai ta. Dukkan sassanta suna da guba ga mutum da dabba. Ɗacinta kan sa dabbobi su guje ta, amma akuyar da ta ji yunwar rani ba abin dogaro ba ce, haka yaro mai rarrafe. A gidan da ake kiwo a kewaye ta, kuma a wanke hannu bayan an yanke ta.

Gargaɗin ya ƙara zama dole saboda masu tallan magani a Facebook da TikTok da ke cewa a dafa ganyenta a sha don ciwon suga ko daji. Tarihin da suke jingina da shi gaskiya ne, amma darasinsa akasin abin da suke faɗa ne. A shekarun 1950, Robert Noble na Jami'ar Western Ontario da ke Kanada ya samu ganyen daga Jamaika, inda ake shan shi kamar shayi don ciwon suga. Da aka yi wa ɓeraye allurar ruwansa, ba a ga wani tasirin kirki a kan suga ba. Abin da aka gani shi ne ƙwayoyin jini farare, masu kare jiki daga cuta, sun zube. Daga nan ne Noble da Charles Beer suka ware sinadarin binbilastin, masu bincike na kamfanin Eli Lilly kuma suka fitar da binkiristin, wanda Amurka ta amince da shi a 1963. Sunayen biyu daga tsohon sunan tsiron, Vinca rosea, aka samo su.

Magungunan suna hana ƙwayar halitta rabuwa, shi ya sa suke kashe ƙwayoyin daji masu saurin yaɗuwa. Suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ana amfani da binkiristin wajen sankarar jini ta yara da kuma dajin Burkitt, wanda ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro, har da Nijeriya. Sai dai adadinsu a ganye ƙanƙane ne ƙwarai, sai an sarrafa ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram ɗaya. Ta jijiya ake ba da su, a ma'aunin da likita ya ƙididdige. Tukunyar ganye ba za ta ba da wannan ba, sai tarkacen wasu sinadarai da dama da babu wanda ya auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na yaran da suka kamu da daji a ƙasashe masu arziki suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai kashi 30 ba, kuma jinkirin zuwa asibiti na cikin manyan dalilai. Duk makon da aka ɓata ana dafa ganye, daga ran yaron aka cire shi.

Ba kowane mai rarrafe ake sakin wa fili ba

Masu fulawa kan tallata wani tsiron mai rawayan fure da ake kira wedeliya, wanda ke rufe ƙasa da sauri fiye da binka. Asalinsa daga yankin Amurka ta Tsakiya ne, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya mamaye wuri. Kowane guntun reshe da ya taɓa ƙasa mai danshi saiwa yake yi. A cikin fili mai iyaka da bulo ba shi da laifi, amma zubar da yankakkun rassansa a bakin rafi ko fadama ganganci ne. Manoma da masunta na yankin Haɗeja da Nguru sun san abin da ciyawar kachalla ta yi wa hanyoyin ruwansu da ta samu wuri.

Ita ma binka tana zubar da iri ta tsiro inda ba a gayyace ta ba, har wasu ƙasashe irin Ostireliya na lissafa ta cikin ciyayin da suka tsere daga lambu. Bambancin shi ne tugewarta ba wuya. Duk da haka wurinta gida ne da cikin gari, ba makiyaya ko gefen gona ba.

Aikin hukuma da na mai gida

Wasu ƙasashen sun riga sun gane cewa daɓen gida ba sha'anin mai gida kaɗai ba ne. Tun 2008, a Ingila, wanda zai rufe fiye da murabba'in mita 5 na farfajiyar gaban gidansa da abin da ruwa ba ya ratsawa, ba tare da ya tanadi inda ruwan zai nutse ba, sai ya nemi izini. A Holan, biranen Amstadam da Rotadam sun fara gasar cire tayil a dasa tsiro a 2020, daga baya ta zama gasar ƙasa baki ɗaya. Waɗannan ƙasashe ne da ba su san zafin Afrilun Sakkwato ba.

Hukumomin tsara birane irin KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su ne ke amincewa da zanen gini. Suna da ikon sanya sharaɗin cewa wani kaso na kowane fuloti ya zauna a buɗe, kuma su duba an cika shi bayan an gama ginin. Kafin a kai ga gidajen jama'a, gwamnati ta fara da nata: sakatariyoyi da makarantu da asibitoci da tsakiyar tagwayen hanyoyi. Kowace damina ana bikin dashen bishiyoyi, a dasa su a bar gindinsu tsirara ko a kewaye shi da siminti har wuya. Bishiya da abin da zai rufe ƙasar da ke kewaye da ita tare ya kamata su tafi, kuma kwangilar da ba ta haɗa da kulawar shekarar farko ba asarar kuɗi ce.

Mai gida kuwa ba sai ya jira doka ba. Wanda bai yi daɓe ba tukuna ya ce wa magini ya bar masa mita ɗaya a gefen katanga, ya karkata bakin indararo zuwa wurin, da 'yan duwatsu a inda ruwan ke zuba don kada ya tone saiwa. Wanda ya riga ya yi, intalok ba a kafe yake ba, ana ɗaga layi biyu ko uku a yaye ledar da ke ƙasa. Ruwan da zai nutse a wurin a damina mai zuwa, rijiyar unguwar ce za ta amfana da shi da rani.